Labarin Tafiyar Wani Malami Daga Alƙahira Zuwa Asuwan

Zuwa ga jama'ar Takari mazauna Masar da Sudan da Hijaz, na Alƙahira da na Madani da Gadarif da Maiwurno da Jidda, masu gida da uwayen gida, da waɗanda yaƙi ya tayar daga gidajensu, duk inda takardar nan ta riske su. Ku sani wannan labarin tafiya ne da wani malami ya yi da iyalinsa a mota, daga Alƙahira zuwa Asuwan, a watan Rajab na 1445, wato ƙarshen Janairu na 2024. An rubuta shi domin magana ce da takan taso a gidaje, ko akwai amfani mutum ya ɓatar da kuɗinsa da kwanakinsa ya tafi kallon kufai da tsofaffin gine-gine. Ga abin da suka gani, kowa ya auna da hankalinsa.

Malamin nan, ubansa mutumin ƙasar Kano ne. Ya fito da niyyar Makka a ƙasa, ya bi ta Maiduguri, ya bi birnin da yanzu ake ce wa Njamena, ya bi Abeshe da Jinaina da Fashir da Ubayyid, yana tafiya yana ƙodago, har ya sauka Jazira wajen masu tsinkar auduga. Ya tara guzuri, ya ƙetare ta Sawakin, ya sauke farali, ya komo Jazira da nufin ya huta shekara guda kana ya nufi gida. Shekara gudan nan ita ce ta zama sauran ransa. A nan aka haifi Malam a 1948. Da ya kai shekara 15, a 1963, aka tura shi karatu Azhar. Ya hau jirgin ƙasa daga Hartum, ya wuce Atbara da Abu Hamad, ya ratsa hamadar nan da tashoshinta ba su da suna sai lamba, ya sauka Halfa. Daga Halfa ya shiga jirgin ruwa mai hayaƙi, kwana biyu, ya fita a Shallal, kudu da Asuwan kaɗan. Daga nan jirgin ƙasa har Alƙahira. Ya yi karatu, ya yi aure, ya haifu, ya zauna yana koyar da yara, shekara 60 bai sake bin hanyar nan ba.

Jikokinsa kuwa 'yan Masar ne a baki da a ciki. Ba su ce masa Kaka, sai Jiddo. Hausarsu ba ta wuce ta gaisuwa da ta neman abinci ba. Da hutun tsakiyar shekara ya zo, Malam ya kira babban ɗansa, wanda yake da mota, ya ce yana so a kai shi Asuwan. Uwargida ta ji, ta ce, "Malam, mutum da furfurarka zai tafi kallon gumakan Fir'auna? Kuɗin nan ba su isa buhun shinkafa biyu ba?" Ya ce, "Sun isa, Hajiya. Amma yaran nan sun san ƙofar filin jirgin sama, ba su san ƙofar da na shigo ƙasar nan ta ita ba. In na mutu ba wanda zai nuna musu." Ta yi shiru, ta tashi ta soma haɗa guzuri, dambu da dabino da garin shayi. Da gari ya waye ita ce ta fara shiga mota. Su biyar suka tafi, Malam da Hajiya da ɗansu da jikoki biyu, mace mai shekara 14 da namiji mai shekara 9.

Suka ƙetare Nilu zuwa Giza da asuba, suka wuce gefen unguwar Bulak Dakrur. Malam ya ce da yaran su riƙe sunan nan, asalinsa daga Takrur ne, sunan da Larabawa suka sa wa mutanen yamma, wanda daga gare shi aka sami Takari. Ya ce musu mutanen yamma ba baƙin jiya ba ne a Alƙahira. Mansa Musa sarkin Mali ya sauka nan a 1324 da zinariya mai yawa. Askiya Muhammadu sarkin Songai ya gana da Suyuɗi a nan lokacin tafiyarsa Makka. Malam Muhammadu Bakatsine, masanin hisabi, a nan ya rasu a 1741, a gidan Hasan Jabarti. A Azhar kuma a zamanin dā akwai ruwaƙin Barnawa, inda almajiran yamma suke kwana.

Ku sani tsakanin Alƙahira da Asuwan wajen kilomita 900 ne, hanya kuwa iri biyu ce. Akwai ta hamada, miƙaƙƙiya, mai sauri, ba abin gani sai yashi da shingen 'yan sanda. Akwai ta gonaki, mai bin bakin kogi, tana shiga kowane gari, ga jakai ga amalanke ga tudun rage gudu. A Masar in an ce mutum ya hau, kudu ya nufa, domin kogin daga kudu yake gangarowa. Iska kuma daga arewa take busowa yawancin shekara. Saboda haka mutanen dā suka sami hanya kyauta, mai zuwa kudu ya ɗaga zanen jirginsa iska ta tura shi, mai komowa ya naɗe zane ruwa ya kawo shi.

Suka bi ta hamada har Asiyut, wajen kilomita 375, suka kwana. Asiyut ita ce bakin hanyar da ake ce wa Darbul Arba'in, hanyar kwana 40, wadda a dā ayarin Darfur yake bi ta Salima da Harja. Raƙuma ake kawowa, da hauren giwa da gashin jimina da ƙaro, da bayi kuma, kada a ɓoye. Da yawa daga waɗanda suka bi hanyar nan ba da son ransu suka bi ta ba.

Kashegari suka koma hanyar gonaki. Suka wuce Suhaj da Ƙina, ƙasar rake, lokacin kuwa na sara ne, ƙananan jiragen ƙasa suna jan rake zuwa masana'anta, yara suna bin su suna zarewa. A bangon gidaje suka riƙa ganin zane, jirgin sama da jirgin ruwa da Ka'aba da sunan mai gida, alamar ya je ya dawo. Hajiya ta ce, "Mu da muka zauna a hanya me za a zana mana?" Malam ya ce, "Hanyar."

Suka tsaya Ƙus suka sha shayi. Garin nan yau ƙarami ne a idon matafiyi, amma a dā shi ne babban zangon alhazai. Sa'ad da yaƙin Nasara masu gicciye ya sa hanyar Sina'i ta yi wuya, alhazan Masar da na Magrib suka yi kimanin shekara 200 suna hawan kogi zuwa Ƙus, su ɗauki raƙuma su ratsa hamadar gabas zuwa Aizab a bakin Bahar Maliya, su ƙetare zuwa Jidda. Ibnu Jubairu ya bi ta a 1183. Shehu Abul Hasan Shazali a kanta ya rasu, a Humaisara, a 1258. Ibnu Battuta ya kai har Aizab a 1326, ya tarar ana faɗa tsakanin Beja da dakarun Masar, dole ya juyo. Aizab ɗin yanzu kufai ce. Suka kwana Luƙsur, inda masallacin Abul Hajjaj yake zaune a kan ginin Fir'auna kamar tsuntsu a kan raƙumi, ba su daɗe ba, domin zuciyar Malam tana gaba.

Rana ta uku suka wuce Isna da Idfu da Kom Ombo, suka ratsa Darau, kasuwar raƙuman da ake korowa daga Sudan, daga nan a loda su a manyan motoci zuwa Birƙash kusa da Alƙahira. Tun daga nan gonaki suka soma tsukewa, dutse ya matso, fatar mutane ta yi duhu, har ƙaramin jikan ya ce, "Jiddo, nan ba wanda yake kallonmu." Da la'asar suka shiga Asuwan.

Asuwan ita ce ƙofar Masar ta kudu tun farkon zamani. Dalili kuwa, a nan ne duwatsu suka tsaya cikin kogi, ruwa ya rarrabu yana gudu tsakaninsu, jirgin da ya taso daga teku ba ya iya wucewa sai an sauke kaya an zagaya da su ta tudu. Inda ake sauke kaya kuwa nan kasuwa take ci, nan sarki yake ajiye dakaru da masu karɓar fito. Kogin a nan ya fi ko'ina kyau, ruwa garau, baƙaƙen duwatsu masu santsi kamar giwaye suna wanka, dabino a tsibirai, tudun yashi ja a ƙetaren yamma ya gangaro har bakin ruwa.

Da safe suka yi ciniki da mai faluka, wato jirgin da iska take turawa, ya kai su tsibirin da yake tsakiyar gari, wanda sunansa na dā yake nufin giwa, saboda cinikin haure. A nan akwai miƙyasi, ma'aunin ruwa. Matakala ce ta dutse, hawa wajen 90, ta gangara cikin kogi, an tsattsaga ma'auni a bangonta, akwai na Yunanawa, akwai na Larabci da aka ƙara a 1870 zamanin Hidiwi Isma'ila. A dā ruwan damina da ya sauka a duwatsun Habasha yakan iso nan da farkon bazarar Masar, ya yi ta hawa har watan Satumba. Mutanen Asuwan su suke fara gani, su aika arewa. In ma'aunin Alƙahira, wanda aka gina a tsibirin Rauda a 861, ya kai zira'i 16, an san shekara ta yi, a yi biki, a yanka haraji cikakke. In ya gaza, yunwa. In ya wuce kima, gidaje su tafi. Malam ya ce da ɗansa, "Ka ga, manomin Kano sama yake kallo, manomin Masar matakala yake kallo, amma ruwan duka na damina ne."

Daga nan suka ƙetare yamma, suka hau tudun da ake ce wa Ƙubbatul Hawa, inda kaburburan hakiman garin na dā suke. Hajiya ta zauna ƙasa, ta ce gwiwarta ba ta hawan yashi. A can sama akwai kabarin wani hakimi, Harkuf, wanda ya yi zamani shekara wajen 4,300 da suka wuce. Madugu ne. An sassaƙa labarinsa a bakin ƙofa, cewa ya yi tafiya huɗu zuwa wata ƙasa ta kudu mai suna Yam, wata tafiyar wata bakwai, wata wata takwas, ya komo da jakai 300 ɗauke da turare da baƙin itace da fatun damisa da haure. Jakai, domin raƙumi bai zama abin fatauci a ƙasar ba tukuna. A tafiyar ƙarshe ya zo da wani ɗan gajeren mutum mai rawa. Sarki Pepi na biyu, yana yaro a lokacin, ya aiko masa takarda cike da ɗoki, yana umartar a tsare mutumin kada ya faɗa ruwa, a riƙa duba shi da dare. Harkuf ya ji daɗin takardar har ya sa aka sassaƙa ta a kabarinsa. Jikar Malam ta tambayi mai gadi sunan ɗan gajeren mutumin. Ya ce ba a rubuta ba. An rubuta sunan madugu da na sarki da yawan jakai.

Rana ta biyu suka je mahaƙar dutse. Daga nan aka yanki jan dutsen da aka kai har dalar Giza a jirgi. A kwance cikin fā akwai wani ginshiƙi da Larabawa suke ce wa misalla, kalmar da ta zama basilla a bakin Bahaushe, don siffarsa ke nan. Tsawonsa wajen mita 42, nauyinsa ya fi tan 1,000, da an gama shi da ya fi dukan 'yan'uwansa. Ba da ƙarfe aka sassaƙe shi ba, da dunƙulen wani dutse da ya fi shi tauri aka yi ta dukansa, mutane a jere cikin rami, har gefe uku suka fita. Sa'an nan tsaga ta bayyana a jikinsa. Aka bar shi nan, shekara fiye da 3,000 ke nan, sawun dukan yana nan kamar jiya aka tashi. Ɗan Malam ya ce, "Baba, wahalar banza." Malam ya ce, "Waɗanda aka gama an kwashe su, suna Rum da Faransa da Ingila da Amurka. Wannan da ya ƙi tafiya shi ne ya nuna wa duniya yadda aka yi su."

Kusa da mahaƙar akwai tsohuwar maƙabartar Musulmi, wadda ake ce wa ta Faɗimiyya, ko da yake wasu kaburburanta sun girmi daular. Ƙubbobi ne na tubalin laka, birjik, wasu a tsaye wasu sun zube. A dā kowane kabari yana da allon dutse da sunan mai shi da na ubansa da ranar rasuwarsa, da rubutun Kufi. Allon kabari mafi tsufa da aka sani mai ɗauke da shekarar Hijira, ta 31, wato 652, ana cewa daga Asuwan ya fito. A 1887 aka yi wani ruwan sama mai ƙarfi, a garin da yakan shekara bai ga ɗigo ba, laka ta jiƙe, alluna suka zubo. Aka tattara su aka kai Alƙahira don a adana, ba a rubuta wanne aka ɗauko daga wane kabari ba. Yanzu sunaye suna gidan ajiye kayan tarihi a Alƙahira, masu sunayen suna Asuwan, ba mai iya haɗa su.

A nan Malam ya daɗe a tsaye. Ya gaya wa yaran abin da bai taɓa gaya musu ba, cewa ubansa ya fito Kano da mata da ɗa, dukansu biyu suka rasu tsakanin Abeshe da Jinaina, ya binne su a gindin wata aduwa, ya ɗora ƙaya, ayari ya tashi. Sunan matar ma Malam bai sani ba, domin ubansa, saboda kunya irin ta mutanen dā, bai taɓa kama sunanta ba, shi kuma bai tambaya ba sai da mai amsawa ya tafi. Hajiya ta ce ita ta san sunan kakarta da garin da ta fito, ta faɗa. Jikar ta ciro takarda ta rubuta. Suka yi wa mutanen maƙabartar addu'a suka fita.

Rana ta uku suka tafi madatsar ruwa. Biyu ne. Ta farko Ingilishi suka gina, aka gama a 1902, aka ƙara mata tsawo sau biyu. Babbar kuwa, Saddul Ali, ta zamanin Jamal Abdul Nasir ce. Da Amurka da Ingila suka janye alkawarin kuɗi a 1956, ya karɓe mashigin Suwes, daga baya Tarayyar Sobiyet ta ba da bashi da injiniyoyi. Aka fara a 1960, aka gama a 1970, aka buɗe a Janairun 1971. Tsayinta mita 111, tsawonta mita 3,830. Ruwan da ta tare ya zama tafki mai tsawon wajen kilomita 500, kashi ɗaya yana cikin Sudan. Amfaninta ba a musunsa. Wutar lantarki ta shiga ƙauyuka, ana noma rani da damina, kuma farin nan na 1984, wanda mutanen Kordofan da Darfur ba su manta ba, Masar ta ci daga ajiyar tafkin ta tsira. Amma lakar Habasha da take zama taki kyauta yanzu a gindin tafki take kwanciya, manomi sai ya sayi takin zamani. Miƙyasin nan ma tun bayan cikar 1964 ba shi da aiki.

Babbar hasara kuwa ta mutanen Nuba ce, na bakin kogi, ba na duwatsun Kordofan ba. Tsakanin 1963 da 1964 aka kwashe kimanin mutum 50,000 na ɓangaren Masar zuwa bayan Kom Ombo, nesa da ruwa, aka sa wa sababbin ƙauyuka sunayen tsofaffi. Kimanin haka kuma na ɓangaren Halfa aka ɗora su jirgin ƙasa zuwa Hashmul Girba a bakin kogin Atbara, inda ake ce wa Sabuwar Halfa. Wasu suka ƙi tashi, ruwa yana hawa suna ja da baya da bukkokinsu, su ne tushen Halfa ta yanzu. An tono ƙasusuwan Usman Digna aka kai su duwatsun gabas. Kaburburan talakawa suna ƙarƙashin ruwa.

Malam ya tsaya a kan madatsar ya fuskanci kudu. Ya ce ya ga Halfa shekara guda kafin ruwa ya ci ta. Gari ne mai tsabta, dabino jere a bakin kogi, da masallaci mai doguwar hasumiya. Ya kwana uku yana jiran jirgi, ba ya da kowa, wani Batakare mai wanki ya ji Hausa a bakinsa ya ɗauke shi, ya ba shi tabarma da tuwo, ranar tashi ya sa masa kuɗi kaɗan a aljihu, bai tambayi sunan ubansa ba. Daga jirgi kuma ya ga gumakan Abu Simbil huɗu a zaune dab da ruwa, kafin a yayyanka su tsakanin 1964 da 1968 a ɗaga su mita 65 sama. Ƙaramin jikan ya ce, "Jiddo, ina Halfar take?" Ya nuna masa ruwa, ya ce, "Abokina, ka miƙe nan kwana biyu, sa'an nan ka duba ƙasa."

Daga madatsa suka gangara Shallal. Sunan yana nan, amma tashar da Malam ya sani babu ita, sai ƙananan jirage masu inji da suke kai masu kallo ɗakin bautar Fila. Ginin nan ma baƙo ne a inda yake. Tsibirinsa na asali ruwa ya rufe shi, sai ƙasashen duniya suka haɗa kuɗi ta hannun UNESCO, aka kewaye shi da bangon ƙarfe, aka zuƙe ruwa, aka sa wa kowane dutse lamba, wajen dutse 40,000, aka sake jera su a tsibirin Agilkiya. An gama a 1980. Hajiya ta ce, "An sa wa duwatsu lamba an mayar da kowanne kusa da maƙwabcinsa. Mutanen fa?" Mai jirgin, Banube ne, ya ji an fassara masa, ya yi dariya, ya ce kakarsa ma haka take cewa.

A cikin ginin akwai wata ƙofa da mai jagora ya nuna musu. A jikinta aka yi rubutu na ƙarshe da aka sani da rubutun Fir'auna mai siffar tsuntsaye da macizai, a shekara ta 394. Rubutun da aka yi fiye da shekara 3,000 ana yi, ya ƙare a hannun 'yan mutane kaɗan a tsibiri guda. Ba wanda ya hana shi da takobi a ranar nan. Yara ne suka koma wani rubutu da wani harshe, tsofaffi suka mutu. Aka yi shekara wajen 1,400 mutanen ƙasar suna wucewa gaban bango ba su san abin da kakanninsu suka ce ba, sai a 1822 wani Bafaranshe, Shamfoliyon, ya warware shi. Malam ya karɓi tikitin shiga, ya juya bayansa, ya rubuta kalma uku da ajami, ya miƙa wa jikarsa, ya ce, "Amarya, karanta." Ta karanta daidai, domin baƙaƙen Larabci ne, ta ce ruwa, hanya, gida. Ya ce, "Me suke nufi?" Ta san ruwa, ta san gida, ba ta san hanya ba. Ubanta ya sunkuyar da kai. Tun daga ranar, in an sauka masauki, sai ta kawo takarda, kakanta ya ba ta kalma goma.

Da magariba suka shiga kasuwa. Wanda ya san kasuwar Kurmi ko ta Madani ba zai yi baƙunta a nan ba. Ga zoɓo tuli-tuli, suna ce masa karkade, ga goriba, ga tsamiya, ga lalle, ga dabino iri-iri, ga gyaɗa da ake soyawa cikin yashi, wadda duk Masar suke kira ful sudani. Suna cikin ciniki sai Malam ya ji wata mace ta ce, "Kai, dawo nan, kada mota ta buge ka." Ya juya. Tana zaune gefen hanya da faranti, tana sayar da turaren wuta. Ya ce, "Sannu, baiwar Allah. 'Yar wane gari?" Ta dube shi, ta rufe baki da mayafi, ta ce, "Baba, daga Mayo nake, a Hartum. Kakanninmu mutanen Haɗeja ne." Ta ce yaƙin da ya tashi ran 15 ga Afrilu 2023 shi ya fito da su. Ta sayar da 'yan kunnenta ta biya motar haya, suka yi kwanaki a bakin iyaka a Argin, rana tana dukansu, kana aka bar su suka shigo. Mijinta ya tsaya tsaron gida, wata huɗu ke nan ba ta ji muryarsa ba. 'Ya'ya uku, ɗaki ɗaya, ita da wata Bahalfiya suke raba haya.

Ku sani hanyar da Malam ya bi yana yaro don neman karatu, ita ce dubban ɗaruruwan mutanen Sudan suka biyo a shekarar nan don neman tsira, ta Argin da Ƙustul, a cikinsu akwai jikokin Takari. An yi shirin kashegari a tafi Abu Simbil, kilomita 280, an ware kuɗin mai da na shiga. Malam ya dubi Hajiya, Hajiya ta kwance bakin mayafinta. Ya ce da ɗansa, "Ni na gan su tun suna ƙasa, yara kuma suna da sauran shekaru." Aka ba matar kuɗin, aka rubuta mata inda za ta sami jama'a in ta iso Alƙahira. Ta ce, "Baba, ban san sunanka ba." Ya ce, "Bashin wani mai wanki ne." Kashegari suka shiga gidan tarihin Nuba, wanda aka buɗe a 1997, suka ga siffar gidajen da ruwa ya ci da jigo da saƙiya, suka kama hanyar arewa.

To, wanda ya yi niyyar wannan tafiya, ga abin da zai kiyaye. Ya tafi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, domin da bazara zafin Asuwan yakan wuce awo 40, tsoho da yaro ba su jure shi. Fasfo da iƙama su kasance a hannu, ba a ƙasan jaka ba, shingaye suna da yawa. Kada ya yi tuƙin dare. Ya ba hanya kwana uku in da tsofaffi, wanda ba ya da mota kuwa jirgin ƙasa yana tashi daga Alƙahira, kwana guda ne. Ya gama ciniki da mai faluka tun ƙafarsa tana tudu. Kuɗin shiga na baƙo dabam ne da na ɗan ƙasa, ɗalibi mai kati ana rage masa. Ya fita kallo da sassafe, ya huta da azahar. In ya shiga ƙauyen Nuba ya yi sallama, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoto, gidajen mutane ne. Ya ware wani abu a guzurinsa saboda wanda zai gamu da shi.

Kuma kada ya tafi sai da tsoho ɗaya da yaro ɗaya da takarda. Tsoho yakan faɗi a kan hanya abin da ba ya faɗi a ɗaki. A rubuta sunan wanda ya fito daga gida, da garinsa, da zangon da ya bi, da inda aka binne waɗanda ba su iso ba, tun masu sani suna da rai.

Wanda takardar nan ta isa hannunsa ya karanta wa mutanen gidansa, ya sa yaro ya kwafe ta da hannunsa, ya miƙa ta gaba. Allah ya mayar da waɗanda aka kora gidajensu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka kwanta a hanya. Haza wasalam.